Siminti da kwano ko laka? Abin da kimiyya ke faɗa wa mai shirin gina gida a Dakoro

Idan bazara ta kankama a Dakoro, tsakanin watan Afrilu da Mayu, da wuya ka tarar da mutum zaune a cikin ɗakin kwano bayan sallar Azahar. Mata kan kwashi tabarmi su koma gindin bedi, tsofaffi su nemi zaure, yara kuma su bi duk inda inuwa ta karkata. Da dare tsakar gida ce makwancin kowa.

Abin lura shi ne, ɗakunan da aka fi gudu a irin wannan lokaci su ne sababbi, waɗanda aka kashe wa kuɗi mafi yawa: bulon siminti, rufin kwano mai ƙyalli, ƙofar ƙarfe. Tsohon soron laka da ke gefe, wanda ake shirin rushewa idan kuɗi sun samu, a nan ake kwantar da jariri da mara lafiya.

Dakoro na da tazarar kimanin kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi, a daidai inda gonakin gero ke haɗuwa da makiyayar dabbobi ta kwarin Tarka. Zafin rana a yankin kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas kusan kullum a lokacin bazara. Damina gajeriya ce, amma idan ta zo da ƙarfi ba ta yi wa gini da sauƙi.

Kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, da yawa daga cikin sababbin gine-ginen garin da kuɗin ƴan ci-rani ake yin su. Matashi na Kano ko Legas, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Abijan, yana tara abin da ya samu yana turowa, ana aiko masa da hoton ginin ta WhatsApp. Galibi shi ke zaɓar fasalin gidan, daga wani hoto da ya gani a Facebook ko TikTok. Sai dai ba shi zai kwana a ɗakin ba. Iyayensa da matarsa da ƴaƴansa ne za su kwana.

Yadda laka ta zama "ginin talaka"

Mutane ba su bar ginin laka haka kawai ba. Suna da dalilai, kuma dalilan na gaskiya ne.

Gidan laka na buƙatar yaɓe kafin kowace damina. A da aikin gayya ne, ƴan'uwa da maƙwabta su taru a kwaɓa ƙasa a gama cikin kwana ɗaya ko biyu. Yanzu majiya ƙarfin suna ci-rani ko makaranta, dole sai an biya lebura. Ga gara da ke cin itacen rufi. Ga ɗigar ruwa idan indararo ya toshe. Ga kuma tsoron da ya fi kowanne, wato ɗaki ya rufta wa mutane cikin dare.

Akwai kuma batun idon jama'a. Gidan siminti shaida ce cewa tafiyar ta yi albarka. Wanda ya shekara biyar a waje ya dawo ya yi ginin laka, sai a fara tambaya ko lafiya. Hatta a wajen neman aure, ɗakin siminti da kwano na ƙara wa saurayi kwarjini.

Saboda haka duk wanda zai yi wa mutanen Dakoro maganar komawa ga laka, sai ya zo da amsar waɗannan matsaloli. Yabon al'adar kakanni kaɗai ba zai tare ruwan Agusta ba.

Me ke faruwa a ƙarƙashin kwano?

Kwano ƙarfe ne mara kauri, bai kai milimita ɗaya ba. Ƙarfe kuwa ba ya riƙe zafi, miƙa shi yake yi nan take. Idan rana ta take, kwanon kan ɗauki zafin da ya zarce na iskar waje nesa ba kusa ba, har ya kai hannu ba ya iya taɓa shi. Daga nan sai ya riƙa feso wannan zafi ƙasa, kan duk wanda ke cikin ɗakin, kamar yadda garwashi ke dukan fuskar mai gashi. Idan babu silin, ko babu wata kafa a sama da iska mai zafi za ta fita, ɗakin ya zama tanda.

Bulon siminti ma bai taimaka sosai ba. Wanda aka fi amfani da shi kaurinsa santimita 15 ne, cikinsa kuma rami ne. Cikin ƴan sa'o'i zafin rana ya ratsa shi.

Katangar laka mai kaurin santimita 40 ko fiye daban take aiki. Tana shan zafi a hankali, tana tara shi a jikinta, ba ya isa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa. Kafin zafin tsakar rana ya gama ratsa ta, rana ta faɗi, iskar waje ta fara sanyi. A lokacin hunturu kuma lissafin ya juya: ɗumin da katangar ta tara da rana shi ke dumama ɗakin da asuba. Wannan dabara ta fi aiki a wuraren da ke da babban bambanci tsakanin zafin rana da sanyin dare, kuma yankin Sahel na cikinsu.

Amma laka ba ta yin sihiri. A tsakiyar bazara, lokacin da dare ma ba ya sanyi sosai, katangar kan amayar da zafin da ta sha cikin ɗakin da daddare. Shi ya sa ko a da ake kwana waje ko bisa soro. Maganin wannan yana wajen tsara gini: a rufe tagogi da rana, a buɗe su da dare, a kuma bar ƙananan kafofi a can sama, domin iska mai zafi sama take tashi. Idan ta samu hanyar fita, sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta.

Zafi na ƙaruwa, wuta ba tabbas

Wani zai ce ai fanka da na'urar sanyaya ɗaki sun raba gardama. Abubuwan da suka faru a shekarun baya-bayan nan sun nuna haɗarin dogaro da su kaɗai.

A farkon watan Afrilun 2024 wani matsanancin zafi ya mamaye yankin Sahel. A garin Kayes na ƙasar Mali an auna digiri 48.5 a ranar 3 ga watan. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗun farko na watan, da yawa daga cikinsu tsofaffi. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution da suka yi nazari a kai sun ce da ba don sauyin yanayin da ɗan Adam ya haddasa ba, da zafin bai kai haka ba. Abin ya zo ne a cikin azumi, ana kuma fama da ɗaukewar wuta.

A Nijar, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar daga Najeriya take zuwa kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A watan Agustan shekarar Najeriya ta katse wutar, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda gidansa ba ya zaunuwa sai da wuta, ya ɗanɗana kuɗarsa a waɗannan watanni. A ƙauyukan Dakoro kuwa, gidaje da dama ba su taɓa ganin wayar lantarki ba. Farantan sola na taimakawa wajen kunna fanka da cajin waya, amma ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki sai mai hali.

Gidan da ke sanyaya kansa da kansa, ba ya jiran kowa ya kawo masa wuta.

Ruwa, babban abokin gaban laka

Damina ta 2024 ta nuna ɗaya ɓangaren labarin. Ambaliya ta hallaka mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka. Da yawa ba ruwa ne ya ci su ba, gini ne ya faɗo musu. A farkon Satumban shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da laka tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe, bidiyonsa ya karaɗe shafukan sada zumunta. Bayan ambaliyar ne gwamnati ta sanar da rage farashin siminti domin mutane su samu sake gini.

Ga wanda ya ga haka da idonsa, siminti ne mafita. Sai dai idan aka duba yadda ginin laka ke faɗuwa, za a ga ta hanyoyi sanannu ne, kuma kowace na da magani.

Ta farko ita ce gindi. Idan ruwa ya kwanta a jikin katanga, laka na tsotse shi, ta yi laushi, ta kasa ɗaukar nauyin da ke kanta. Maganinsa harsashi na dutse ko kankare da zai ɗaga katangar sama da inda ruwa ke kaiwa, da kuma gangara da za ta kore ruwa daga jikin gini.

Ta biyu ita ce sama. Indararo gajere ko tosasshe na zubar da ruwa a jikin bango, ya yi ta zaizaye shi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka ne.

Ta uku ita ce bangon gabas. A wannan yanki hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka bangon da ke fuskantar gabas shi ke shan dukan ruwa. Shi ya fi buƙatar kariya.

Ta huɗu ita ce wurin da aka yi ginin. Garuruwa na faɗaɗa, ana yanka filaye a hanyar ruwa da bakin kududdufi, inda tsofaffi ba sa yarda su kafa gida. A irin wannan wuri ko gidan siminti ba shi da tabbas.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare: shafa siminti kai tsaye a jikin katangar laka. Daga nesa gida ya yi kyau. Amma siminti da laka ba sa miƙewa da tsukewa tare idan zafi ya sauya, don haka shafen kan tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, simintin ya hana shi bushewa, katangar ta riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da ɓawon zai zubo.

Injiniyoyin da ba su je makarantar boko ba

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin halin laka. Sun san tana jure danniya amma ba ta jure ja ko lanƙwasa, don haka suka haɗa ta da azara, wato tsagin giginya mai ƙarfi da gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya ba ta iya haye faɗin da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da ta saki ba. Sai suka ƙirƙiro bakan gizo: a jera azara daki-daki, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Aikin rodi da kankare ke nan tun kafin su iso ƙasar.

Sun kuma san sinadarai. Makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi na ramin marina, duk ana sa su a shafen bango da rufi don hana ruwa shiga.

A jihar Tawa, maƙwabciyar Maraɗi, wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙauyen Yama a 1962. A 1975 ya sake masa rufi da baka da ƙubba, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu, kowace da nata fasali. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin fasahar gini a duniya.

Matsalar wannan tsari a yau ita ce icce. Fari na shekarun 1970 da 1980 da yawan sara sun cinye giginya da goruba a wurare da dama, har da Gulbin Kaba da ya ratsa kudancin Dakoro. Gaskiya ne sassaben zamani, wanda ya faro daga Maraɗi a shekarun 1980, ya maido da miliyoyin itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram. Amma gawo da kalgo ba azara ba ne, giginya kuma sai ta shekara da yawa kafin ta isa tsagawa. Rashin icce mai kyau na daga cikin abin da ya tura mutane ga kwano.

Rufi ba icce, ba kwano

A 1980, a ƙauyen Cikal da ke yankin Filinge, wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara koya wa maginan Nijar yin rufi da tubalin laka zalla. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun yi aiki da Hassan Fathy, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Masar da ya farfaɗo da tsohuwar fasahar mutanen Nubiya. A Luxor har yanzu akwai rumbunan laka masu irin wannan rufi da suka haura shekara 3,000.

Ilimin da ke ciki mai sauƙin gwadawa ne. Ka riƙe sarƙa ta bakinta biyu ka bar ta ta yi lilo, za ta yi wata irin lanƙwasa. Idan ka kifa wannan lanƙwasa ta koma sama, ka samu siffar bakan da kowane tubali a cikinsa danne ɗan'uwansa kawai yake yi, babu inda ake jan wani. Masanin kimiyya ɗan Ingila Robert Hooke ya bayyana wannan ƙa'ida tun a ƙarni na 17. Tunda danniya ce laka ta fi jurewa, rufin na tsayawa ba tare da icce ko ƙarfe ba.

Ba a buƙatar katakon tallafi wajen ginawa. Magini na jingina layin farko na ƙananan tubala a jikin bangon ƙarshe, a ɗan karkace, sai layi na biyu ya jingina da na farko, haka har a rufe ɗakin. Shirin ya bazu zuwa Mali da Burkina Faso, ya kuma samu lambar yabo ta World Habitat a 1998. A shekara ta 2000 wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan Burkina Faso, Séri Youlou, suka kafa ƙungiyar La Voûte Nubienne, wadda ta sauƙaƙa tsarin ta yadda magini zai koya a bakin aiki. A tsarinsu faɗin ɗaki bai wuce mita 3 da ɗan ɗori, amma tsawonsa sai yadda mai gida ya so.

Sharaɗin wannan gini ɗaya ne, ƙwarewa. Bakan na tura bangon da yake kai zuwa waje, don haka bangon sai ya yi kauri yadda ya kamata. Wanda bai koya ba ya kwaikwaya daga bidiyo, rayukan mutane yake wasa da su.

Injin matsa ƙasa da darasin Dandaji

Hanya ta biyu ita ce inganta tubalin kansa. Birgin da aka saba bugawa, ƙasa ce ake kwaɓawa da ruwa sosai a zuba a ma'auni a shanya. Idan ruwan ya bushe sai ya bar ƙananan ramuka a ciki. A shekarun 1950 wani injiniya ɗan ƙasar Chile, Raúl Ramírez, ya ƙera wani injin hannu a birnin Bogota na Kolombiya, wanda ke matse ƙasa mai ɗan danshi da ƙarfi har ta zama tubali mai kaifin gefe kamar bulo. Idan aka haɗa ƙasar da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100, aka lulluɓe tubalan suka yi kimanin mako huɗu suna ƙarfi a hankali, ruwa ba ya narkar da su kamar birgi. Ba a ƙona su, don haka ba a cin icce.

Wadda ta fi fito da wannan tubali a Nijar ita ce Mariam Issoufou. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi aiki a fannin, sannan ta koma makaranta ta karanci zanen gine-gine a Jami'ar Washington. A 2014 ta buɗe kamfaninta a Yamai, ta raɗa masa suna da kalmar Hausa, masomi. A 2016 ita da abokan aikinta suka kammala rukunin gidaje shida masu bene da ake kira Niamey 2000, da tubalin ƙasa, domin nuna cewa ma'aikacin birni ma zai iya zama a gidan ƙasa ba tare da jin kunya ba.

Aikin da ya fi kusa da rayuwar gari irin Dakoro shi ne na ƙauyen Dandaji a jihar Tawa. Tsohon masallacin laka na garin ya lalace, ana shirin rushe shi. Mariam Issoufou da abokiyar aikinta ƴar Iran, Yasaman Esmaili, suka ba da shawarar a gyara shi a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. An gayyato maginan da suka yi tsohon ginin suka shiga aikin gyaran. An samo yawancin kayan aikin daga kewayen garin. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Sabon masallacin bai ƙi ƙarfe da kankare ba, an sa su a inda nauyi ya buƙata, aka bar wa ƙasa aikin da ta fi iyawa, wato tare zafi.

Ga Dakoro akwai abin kiyayewa. Yawancin ƙasar yankin jigawa ce, yumɓu sai a fadama da kwari. Ƙasa mai yashi da yawa ba ta kama jikinta, mai yumɓu da yawa kuma tsagewa take idan ta bushe. Gwajin farko ba ya buƙatar ɗakin bincike: a zuba ƙasa a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su fara kwantawa, yumɓu ya zo a ƙarshe a sama, sai a ga kason kowanne da ido. Don gini babba ko bene kuwa, dole a kai tubalin inda za a auna ƙarfinsa.

Ga wanda ya riga ya sayi kwano

Ba kowa ne zai rushe abin da ya gina ba, kuma kwano na da amfaninsa wajen kare gini daga ruwa. Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso da ya yi karatu a Berlin, ya nuna yadda za a ci moriyar kwano ba tare da an sha zafinsa ba. A makarantar firamaren da ya gina wa ƙauyensu a 2001, ya yi silin na tubalin ƙasa mai ƴan kafofi, sannan ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsu. Iska na ratsa sararin tana kwashe zafin kwanon, iska mai zafi ta cikin aji kuma tana fita ta kafofin. Kwanon ya zarce bango sosai, yana yi masa inuwa yana kare shi daga ruwa. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a fannin.

Mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya ɗaukar wani abu daga nan: silin, kafofin iska a saman bango, farin fenti a bayan kwano don ya mayar da hasken rana, rumfa ko bishiya a ɓangaren yamma.

Ajujuwan zana

Maganar ba ta tsaya ga gidajen kwana ba. A watan Nuwamban 2021 gobara ta tashi a ajujuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Watanni bakwai kafin nan, irin wannan gobara ta kashe yara 20 a Yamai. Dubban ajujuwa a Nijar na zana ne, saboda kuɗin ajin siminti ya fi ƙarfin abin da ake da shi.

Ajin kwano mara silin ya fi zana tsaro, amma da rana yara ba sa iya mayar da hankali a cikinsa. Ajin tubalin ƙasa ba ya cin wuta, ya fi sanyi, kuma mafi yawan kuɗinsa a hannun magina da leburorin gari yake ƙarewa, maimakon tafiya wajen sayen kayan da aka ɗauko daga nesa.

Me ya hana abin yaɗuwa?

Na farko, ƙarancin ƙwararrun magina. Matashin da ke koyon gini yau bulo da siminti yake koya, domin nan aiki yake. Tsofaffin da suka san bakan gizo da haɗin makuba suna ƙarewa.

Na biyu, kuɗi. Birgi da rufin baka na da sauƙi idan ƙasa da ruwa na kusa, amma ruwa ba abin wasa ba ne a Dakoro lokacin rani. Tubalin inji kuwa ba lallai ya fi bulo araha a ranar gini ba, musamman idan sai an ɗauko injin da masu aikinsa daga wani gari. Ribarsa a hankali take zuwa, ta kuɗin wuta da lafiyar mazauna gida.

Na uku, masu zanen gine-gine a manyan birane suke. Yawancin gidajen garuruwa irin Dakoro, mai gida da magini ne ke zana su da ƙafa a kan rairayi. Idan ana son ilimin ya isa, sai ya bi ta hannun magini. A nan ne makarantun koyon sana'a da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da hukumomin gari ke da rawar takawa. Aji ɗaya ko ɗakin shan magani ɗaya da aka gina da kyau, mutane suka shiga da tsakar rana suka ji bambanci, ya fi dogon jawabi. Gani ya kori ji.

Kafin ka turo kuɗin

Ga ɗan ci-ranin da ke shirin fara gini, ko da laka ko da siminti, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi wa magininsa tun kafin a sauke yashi.

Ina ruwa ke bi a filin idan an yi ruwa mai yawa? Maƙwabtan da suka daɗe a wurin sun fi kowa sani.

Ina ɗakunan kwana za su fuskanta? Ranar safe da ta yamma su ke shiga ɗaki kai tsaye. Gara dogayen bangaye da manyan tagogi su kalli kudu da arewa. Babbar tagar gilashi a bangon yamma na da kyau a hoto, amma zafi take tarawa.

Harsashin zai ɗaga bango sama da ƙasa da santimita nawa?

Ta ina iska mai zafi za ta fita? Akwai taga a ɓangarori biyu na ɗakin?

Idan kwano ne, me ke tsakaninsa da kan mutane?

An bar tsakar gida da wurin dasa bishiya, ko an cike filin duka da ɗakuna an malale sauran da siminti?

Idan rufin baka ko tubalin inji ake so, wane gini maginin ya taɓa yi, kuma damina nawa ya gani? A tura ɗan'uwa ya je ya duba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da ke buƙatar digiri, kuma yawancinsu ba sa ƙara ko sefa ɗaya a kuɗin gini idan an yi su da wuri. Bayan an ɗora kwano an biya magini, gyaransu ya yi tsada. Kuma idan Afrilu ya zagayo, mutanen gida ne za su san ko an yi su ko ba a yi ba.